Yadda Za Ka Tayar da Tsohon Babur da Ya Daɗe a Jingine

Tambayar da aka fi yi mini game da tsofaffin babura ita ce: babur ya yi shekara biyu, ko biyar, a ajiye, ta ina zan fara? Yawancin masu tambayar sun riga sun zuba fetur, sun hau kik suna ta bugawa har gumi ya jiƙe su. Da haka ake lalata injin da wataƙila lafiyarsa ƙalau, domin duk man da ke shafe da fistin da ringi ya daɗe da tsiyayewa, ƙarfe ne kawai ke gugar ƙarfe.

Matakan nan na babur mai kafireto ne, mai silinda ɗaya ko biyu, irin su Honda CG125 da Super Cub da takwarorinsu na Yamaha da Suzuki. Ka bi su a jere yadda na kawo su. Inda lambar da na bayar ta saɓa da ta littafin babur ɗinka, ka bi ta littafin. Sannan ka riƙe wannan tun daga farko: kada ka sayi taya ko sarƙa ko fenti sai ka ji injin ya tashi. Mutane da yawa sun zuba kuɗi a jikin babur, daga baya suka tarar injin ya riga ya mutu.

1. Haɗa kayan aiki

Sifana mai lamba 8 da 10 da 12 da 14 da 17 za su kwance kusan komai a ƙaramin babur ɗan Japan. Ka ƙara da sifanar fulogi, filaya, mazurari, kwanon tarar mai, tsummoki, tocila, mitar auna wuta, da ma'aunin tazara mai siraran ganyayyakin ƙarfe. Ana kuma buƙatar man feshi mai kwance tsatsa da gwangwanin maganin wanke kafireto.

Sukudireba kuwa sai ka kula. Sukurorin baburan Japan masu kan gicciye an yi su ne a kan ma'aunin Japan da ake kira JIS, sau da yawa za ka ga ɗan ɗigo a kansu. Sukudireba gama-gari yana zamewa a cikinsu ya cinye kan, shi ya sa kusan duk tsohon kafireto za ka tarar sukurorinsa sun lalace. Ka nemi sukudireban JIS, ya biya kuɗinsa.

Duk abin da za ka kwance, ka ɗauki hotonsa da waya tukuna. Ƙananan kaya kuma kowane rukuni da nasa mazubi.

2. Duba da ido kafin ka taɓa

Ka wanke ƙura sama-sama, ka buɗe akwatin matatar iska. Ɓeraye na son yin gida a nan, suna kuma cin rigar waya. In matatar soso ce kuma tana marmashewa in ka matsa ta, jefar da ita, in ba haka ba injin zai zuƙe garin. Ka leƙa bakin salansa ko wani ƙwaro ya toshe shi. Ka bi firam ɗin da tocila, musamman wajen wuya da inda injin ya ɗaure, ka nemi tsaga ko tsatsar da ta ci ƙarfe. Firam da ya tsage dalili ne na tsayawa a sake tunani kan aikin gaba ɗaya.

3. Tabbatar injin yana juyawa

Goge dattin da ke kewaye da fulogi kafin ka kwance shi, don kada ƙasa ta faɗa cikin silinda. Bayan ka cire shi, zuba baƙin mai kamar cokalin shayi ɗaya ta ramin, ka bar shi ya kwana.

Washegari ka ɗaga tayar baya, ka sa babur a giya mafi girma, ka juya tayar da hannu a hankali. Ko kuma ka danna kik da hannu, ba da ƙafa ba. In ya juya sumul kana jin iska na fita ta ramin fulogi, alhamdu lillahi, rabin damuwa ta wuce.

Gargaɗi: in ya cije, kada ka hau kik da nauyinka. Ringi ne suka manne da bangon silinda saboda tsatsa, kuma ƙarfi zai karya su ko ya karce bangon. Ka cika ramin da man kwance tsatsa, ka bar shi kwanaki, kullum kana ɗan girgiza tayar gaba da baya. In mako ya wuce bai saki ba, sai an buɗe kan injin.

4. Juye tsohon baƙin mai

A ka'ida ana juye baƙin mai ne injin na da ɗumi, amma wannan karon a sanyi za ka juye, ka ba shi lokaci ya tsiyaye. Kada ka zubar nan take, ka kai kwanon cikin haske ka duba. In ya yi fari-fari kamar an gauraya da madara, ruwa ya shiga. In yana warin fetur kuma ya tsinke, kafireto ya daɗe yana yoyo cikin injin. In kana ganin ɓurɓushin ƙarfe mai ƙyalli da yawa, akwai abin da ke cinyewa a ciki, ka rage burin da kake da shi a kan injin.

Ƙananan injinan Honda da yawa ba su da matatar takarda, 'yar raga ce ta ƙarfe. Ka ciro ta ka wanke da kananzir. Notin juye mai ka sa masa sabuwar washa, ka fara ɗaura shi da yatsu. Jikin injin alminiyam ne, in ka matse fiye da kima zaren zai tafi, kuma gyaran wannan ya fi canjin mai goma tsada.

Man da za ka zuba ya kasance na babur, mai alamar JASO MA ko MA2 a jikin gora, 10W-40 ko 20W-50 gwargwadon zafin inda kake. Dalili shi ne kulocin yawancin babura a cikin baƙin mai yake iyo, man mota na zamani kuwa yana da sinadarin rage guga da ke sa kuloci santsi. A Honda ana auna man ne babur na tsaye cak, a tsoma sandar awo ba tare da an murɗa ta ciki ba. Wannan zubin na farko na wanke ciki ne, ba zai daɗe ba, saboda haka ba sai ka sayi mafi tsada ba.

In babur ɗinka mai bugu biyu ne, wato mai ƙona mai tare da fetur, mai iri biyu gare shi: na giya, da na ƙonawa da ke ƙaramin tanki. Kada ka yarda da famfon man da ya shekara bai yi aiki ba. Ka fitar da iskar da ke cikinsa yadda littafi ya nuna, ka kuma gauraya ɗan man bugu biyu a fetur ɗin farko har sai ka ga man ƙaramin tankin yana raguwa.

5. Tanki da hanyar fetur

Fetur yana fara lalacewa cikin 'yan watanni. Abin da ke saurin kamawa da wuta yana tashi, sai ya bar wani abu mai danƙo mai warin fenti. Wanda aka gauraya da sinadarin etanol kuma yana jan ruwa daga iska, ruwan ya kwanta a gindin tanki ya haifi tsatsa.

Cire tankin ka juye komai cikin jarka, a fili, nesa da wuta da taba da duk abin da ke tartsatsi. Ka haska ciki da tocila. In tsatsar sama-sama ce, zuba 'yan notina da kananzir, ka rufe ka girgiza sosai, ka juye, ka maimaita har abin da ke fita ya yi haske. Ƙirga notinan kafin ka zuba da bayan ka fitar. In tsatsar ta yi kauri, ana cika tankin da farin ruwan khal a bar shi kwana ɗaya ko biyu, a ɗauraye da ruwa, a busar nan take, sannan a cika da fetur, domin ƙarfen da aka wanke da tsami yana sake tsatsa cikin awoyi.

Gargaɗi: tankin da ya huje kada ka kusance shi da wutar walda, ko da ka ga babu komai a ciki. Tururin fetur ne ke fashewa, kuma yana daɗewa a tanki.

Kwance famfon fetur ka wanke ragarsa. Tiyon da ya bushe ya ƙage ka canja shi, ka sa 'yar matata mai gani-har-hanji a tsakiya, kibiyarta na kallon kafireto.

6. Kafireto

A nan ne aikin yake. Babur da ya daɗe a ajiye ya ƙi tashi, ko ya tashi da cok kaɗai ya mutu da zarar an saki, kusan kullum laifin kafireto ne.

Rufe fetur, ka sassauta maɗaurai biyu, ka zare shi. Ka shimfiɗa farin tsumma a kan tebur don ka riƙa ganin ƙananan kaya. Buɗe kwanon ƙasa. Abin da za ka tarar, ko kore-kore ko ja mai danƙo, shi ne ragowar tsohon fetur.

Zare sandar da ke riƙe da abin iyo, wato abin da ke yawo a saman fetur cikin kwanon, ka ciro shi tare da allurarsa. In na tagulla ne, girgiza shi kusa da kunne: jin motsin ruwa a ciki na nufin ya huje, sai sabo. Ka duba kan allurar, in ya yi zobe inda yake zama, ba za ta ƙara tsayar da fetur ba, kuma ita ce ke sa kafireto ambaliya.

Jet biyu ne manya a aikin, wato 'yan sukurorin tagulla masu rami da fetur ke bi ta ciki. Babban yana tsakiya, shi ke ba da fetur in an ja totur sosai. Ƙaramin, jet ɗin silo, shi ke riƙe injin in ba a ja totur ba, kuma shi ne ke fara toshewa saboda raminsa ya fi na allura ƙanƙanta. Kwance su da sukudireba mai faɗi wanda ya cika tsagar daidai, domin tagulla ce mai laushi. Jiƙa su a magani, ka fesa, ka ɗaga kowanne wajen haske. Dole ka ga rami zagayayye tas, da ƙananan ramukan da ke gefe.

Gargaɗi: kada ka soka allurar ɗinki ko wayar ƙarfe a jet. Ƙara faɗin ramin ko da ɗan ƙiris ne zai sa babur ya riƙa shan mai yana baƙin hayaƙi har abada. In dole sai an soka wani abu, zare silin tagulla ɗaya daga cikin wayar lantarki.

Sukurun iska da ke gefe, kafin ka cire shi, murɗa shi ciki a hankali kana ƙirga zagaye har ya zauna, ka rubuta adadin. A yawancin ƙananan babura yakan kama tsakanin ɗaya da rabi zuwa biyu da rabi. Kada ka matse shi, bakinsa tsini ne mai saurin lanƙwasa. Bayansa akwai sifirin, wani lokaci da 'yar washa da zoben roba, ka tabbatar duk sun fito.

Yanzu fesa magani ta kowace kafa ka ga ya fito ta wani wurin. Sa tabarau, domin maganin kan dawo fuska. Ka nisanta shi daga robobi, yana kumbura su. In kafireton mai faifan roba ne a sama, ɗaga robar wajen haske ka nemi huji. Ka mayar da komai, sannan ka duba robar da ke haɗa kafireto da injin. In ta tsattsage tana shan iska, duk wankin da ka yi ba zai hana silo hawa da sauka ba.

7. Batir da wuta

Wajen cire batir ka fara kwance kan da ke da alamar ragewa, wajen mayarwa kuma shi ne na ƙarshe. Batir mai bolt 12 da ya cika yana nuna kusan 12.6 a mita. Wanda ya shekara a ƙasa da 12 da wuya ya sake riƙe caji, kada ka ɓata lokaci a kansa. Wasu tsofaffin babura masu bolt 6 ne, ka duba kafin ka saya. In za ka yi caji, kada ƙarfin cajar ya wuce kashi ɗaya cikin goma na ƙarfin batirin, cajar mota tana dafa ƙaramin batir. Mai buɗaɗɗen baki kuma tataccen ruwan batir ake ƙara masa.

Duba fis, ka goge kawunan batir da inda wayar ƙasa ta kama firam har su yi haske. Sa sabon fulogi mai lambar da littafi ya faɗa. Tazarar bakinsa a irin su CG125 da Cub milimita 0.6 zuwa 0.7 ce. Ka sa masa hularsa, ka jingina ƙarfensa a jikin injin nesa da ramin fulogi, ka kunna makulli ka buga kik. Wuta shuɗiya mai ƙara kake nema. In babu, fara da abu mai sauƙi: maɓallin kashe injin, hular fulogi, mahaɗan waya da suka yi kore. Baburan da suka girmi na'urar CDI suna da bakin wuta mai buɗewa da rufewa a cikin maganeto. Ka goge fuskarsa da samfefa mai laushi, ka saita tazararsa a milimita 0.3 zuwa 0.4.

Fulogi da yatsu ake fara ɗaura shi har ya zauna, sannan a ƙara kamar rabin zagaye da sifana in sabo ne.

8. Bawul da matsi

Ana saita bawul ne injin na da sanyi sarai. Juya maganeto har alamar T ta yi daidai da tsagar da ke jikin injin, a zagayen da hannuwan bawul biyu duk suke ɗan motsi in ka taɓa su. In ɗaya ya ƙage, ƙara juyawa zagaye guda. Tazarar CG125 milimita 0.08 ce, ta Cub 0.05. Ganyen awo ya shiga yana ɗan ja kaɗan. Bayan ka ɗaure notin ka sake aunawa, domin ɗaurin kan motsa shi. Bawul da ya matse ya fi mai ƙara haɗari, shi ne ke ƙonewa.

In ka samu aron ma'aunin matsi, buɗe totur gaba ɗaya ka buga kik har allurar ta daina hawa. Ƙasa da psi 100 alamar matsala ce a injin mai bugu huɗu. Zuba ɗan mai a silinda ka sake gwadawa: in lambar ta hau sosai, ringi ne, in ba ta motsa ba, bawul ne ko gasket. Amma kada ka yanke hukunci da awon farko, ringin da suka manne sukan saki bayan injin ya yi zafi sau biyu ko uku.

9. Tayarwar farko

Fitar da babur waje. Hayaƙin injin a rufaffen ɗaki yana kisa ba tare da mutum ya ankara ba. Zuba sabon fetur kaɗan, buɗe famfo, ka jira minti ɗaya kana duban ƙasan kafireto. In yana zuba, ƙwanƙwasa kwanon da ƙotar sukudireba, wataƙila allura ce ta maƙale.

Sa shi a firi, ja cok, kada ka taɓa totur, ka buga. In ya tashi zai yi hayaƙi saboda man da ka zuba a silinda, wannan zai wuce. Kada ka yi ta zuga shi don jin daɗin ƙara, ka bar mai ya hau sama tukuna. Ka saurara: ƙaramin kas-kas daga sama na bawul ne, bugu mai nauyi daga ƙasa kuwa kashe shi nan take. In bugu goma bai tashi ba, ciro fulogi. In ya jiƙe, fetur ya yi yawa ko wuta ta yi rauni. In a bushe yake, fetur bai isowa.

Da ya yi ɗumi, mayar da cok, ka saita silo. Sa mita a kan batir ka ɗan ja totur: a batir mai bolt 12 ya kamata ka ga tsakanin 13.5 da 14.5. In bai haura 13 ba, ba ya caji. In ya wuce 15, na'urar daidaita wuta ta lalace, za ta cinye batir da ƙwayayen fitila.

Yanzu ne lokacin zama da biro da takarda. Abin da ka kashe zuwa nan kaɗan ne: mai, fulogi, tiyo, magani, wataƙila batir. Manyan kuɗin suna gaba, wato tayoyi biyu, sarƙa da siforoket, da kayan birki. Ka haɗa jimillarsu ka gwada da darajar babur ɗin kafin ka ci gaba.

10. Taya, birki da sarƙa

Jin injin ya tashi yana sa mutum ɗokin hawa, kuma a daidai nan ake jin ciwo. Taya tana iya zama da zanenta cif amma robar ta bushe ta daina kama titi. A gefenta, bayan rubutun DOT, akwai lamba huɗu: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. In lamba uku ce, an yi ta ne kafin shekarar 2000. Duk wadda ta kai shekara goma, ko ta tsattsage a gefe, a canja ta tare da tiyub ɗinta. Ka juya kowace ƙafa ka girgiza ta gefe da gefe don jin ko boris ya ci, ka kuma bubbuga sifok ka ɗaure wanda ya saki.

Birkin ganga sai ka buɗe ka gani da idonka, domin fatar birki da ta tsufa tana iya ɓallewa daga ƙarfenta ta kulle taya ana cikin tafiya. Kada ka hura ƙurar ciki da baki ko da iska, tsofaffin fatun birki suna iya ƙunsar asbestos mai lahani ga huhu. Da jiƙaƙƙen tsumma ake gogewa. Birkin faifai kuma ka canja ruwansa gaba ɗaya da irin wanda aka rubuta a murfi, yawanci DOT 3 ko DOT 4. Kada ka haɗa su da DOT 5, kada kuma ya ɗiga a fenti. In hannun birki yana lumewa, akwai sauran iska a ciki. Wayoyin birki da kuloci da totur a ɗiga musu mai, wadda ta fara tsintsinkewa a canja. Totur dole ya koma da kansa in ka sake shi, ko ta wane gefe ka juya kan babur.

Sarƙa ka wanke ta da kananzir ka shafa mata mai. In tana da gaɓoɓin da suka ƙage, ko haƙoran siforoket sun yi tsini sun karkata, ka canja su tare, domin tsohon siforoket yana cinye sabuwar sarƙa da wuri. Sakinta a tsakiya yakan kasance santimita 2 zuwa 3, a auna a inda ta fi tsauri. Makullin sarƙa kuwa rufaffen bakinsa ne ke kallon inda sarƙar take tafiya.

11. Fitar farko

Faifan kuloci sukan manne bayan dogon zama, sai babur ya zabura ya mutu da an sa giya. Kafin ka tayar, sa shi a giya, ka matse kuloci, ka tura shi gaba da baya har ka ji ya saki. Ka gwada fitila da sigina da hon da wutar birki, ka tabbatar takardun babur ba su ƙare ba, ka sa hular kwano.

Ka zaɓi wuri mara cunkoso, ka gwada birkin gaba da na baya a tafiyar ƙafa kafin ka ƙara gudu. Bayan 'yan kilomitoci ka tsaya, ka leƙa ƙasan injin ko akwai ɗigo, ka kai hannu kusa da gangar birki ka ji ko ta yi zafi fiye da kima. In ka dawo injin ya huce, ciro fulogi: launin ƙasa-ƙasa shi ake so, baƙi mai toka na nufin fetur ya yi yawa, fari fat kuma iska ta yi yawa, injin zai riƙa zafi. Ka bi notina ka sake ɗaurewa, musamman na ƙafafu da na injin da na salansa. Bayan kamar kilomita 100 zuwa 200, juye man nan na farko injin na da ɗumi, ka sake wanke ragar, ka duba 'yar matatar fetur ko tsatsa ta taru, ka kuma sake auna tazarar bawul da sakin sarƙa.